Yasmin ɗinki ba zafin Kano take tsoro ba, Hajiya

Wa'alaikumus salam Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce tun da kika je Umra kika ji ƙamshin farin furen nan da ake shirya shi a zare ana sayarwa a Jidda kika ƙudurta sai kin shuka shi a gidanki a Rijiyar Zaki, kin saya har sau uku a wajen masu fulawa, biyu sun mutu, ta ukun tana nan ganye shar amma shekara guda kenan ko fure ɗaya bata yi ba. Kin ce tsakar gidan duk intalok ne, ruwan bohol kuke amfani da shi, kuma kina so ki san ko zafin Kano ne baya barinta, sannan wacce ta fi tsakanin mai tsayawa da kanta da mai yaɗo.

Toh bari na fara cire miki wannan tunanin na zafi, dan shine abinda kusan kowa yake fara ɗora wa laifi. Furen da kika gani a Saudiyya yasmin ne, su suna ce masa full, sunansa a wajen masana tsirrai Jasminum sambac, kuma yawancinsa daga yankin Jizan ake kawowa, can kudu kusa da iyakar Yaman, wajen da zafinsa ba na wasa bane. Asalin shukar ma daga ɓangaren Indiya take, har yau a Madurai noma ta ake gona guda ana kaiwa kasuwa kullum da asuba, ƙasar Filifin kuma tun 1934 suka ɗauke ta furen ƙasa. Duk wuraren nan masu zafi ne. Bambancin kawai shine zafinsu akwai danshi a iska, namu kuma daga Nuwamba har Mayu busasshe ne ƙayau, ga ƙura. Kinga kenan ba rana ce matsalar ba, saiwa ce da bushewar iska, kuma duka biyun ana iya maganinsu a cikin gida. Ni shekara kusan 20 ina aikin lambu a garin nan, na ga gindin yasmin da ya girmi yaran gidan yana fure duk shekara.

Amma kafin komai ki tabbatar abinda ke gidanki yasmin ce da gaske, dan wallahi a nan ake cutar mutane da yawa, wani lokacin ma ba da gangan ba, shi kansa yaron da ke sayarwa duk farin fure jasmin yake ce masa. Ki je ki tsinki ganye ɗaya ki duba wajen da kika tsinka. In farin ruwa ya fito kamar madara, irin na tumfafiya, toh ba yasmin bace, akwai wata mai ganye mai sheƙi da farin fure kamar farfelar fanka, tana da kyau a ido, bata da wahalar raino shi yasa ta cika wajen masu fulawa, amma ƙamshinta kaɗan ne ko babu. Yasmin ta gaskiya danginsu ɗaya da zaitun, bata da wannan madarar. Sai kuma wadda ake cewa kwin of da nait, mai dogayen ganye da ƙananan furanni kamar bututu masu ɗan kore-kore, wadda in dare yayi ƙamshinta yake cika layi. Ita ma ba yasmin bace, danginsu ɗaya da zaƙami da gauta, kuma akwai dafi a ganyenta da 'ya'yanta, dan haka in akwai ƙananan yara ko awaki a gidan a kula, kar a saka furenta a shayi ko kaɗan, kuma masu asma da yawa ƙamshinta yana tayar musu in tana kusa da tagar ɗakin kwana. Hanyar ganewa mai sauƙi: ganyen sambac biyu-biyu suke fitowa suna kallon juna a jikin reshe, wani lokacin uku, suna da ɗan zagaye, na kwin of da nait kuwa ɗaya nan ɗaya can suke bi.

In ya tabbata sambac ce, ita ma kala-kala ce. Akwai mai fure fale ɗaya, Turawa suna ce mata Maid of Orleans, wannan ita nake ba kowa shawara ya fara da ita saboda bata da rowar fure kuma tana da juriya. Akwai mai cunkushen fure kamar ƙaramin wardi, Grand Duke of Tuscany, ƙamshinta ya fi nauyi, furenta ya fi burgewa, amma girmanta a hankali ne sosai kuma tana da saurin fushi, mutum in bai saba ba sai ya zata ta tsaya ne. Ga mai son yaɗo na gaske kuma akwai Jasminum grandiflorum, ganyenta tsaga-tsaga ne ƙanana guda biyar ko bakwai a kara ɗaya, bayan furen kafin ya buɗe yana da ɗan ja-ja. Ita ce ta turare, ita ake nomawa a Masar a yankin Garbiyya, ƙauyen Shubra Balula, mutane su fita tsinka cikin dare har gari ya waye, da kuma garin Giras na Faransa. Waɗanda kike gani a hotunan gidajen Turai kuwa, masu rawayan fure a lokacin sanyi ko mai tarin ƙullin fure ruwan hoda, su sai sun sha sanyi na makonni kafin su yi fure, kar ki ɓata kuɗinki a kansu ko an kawo miki daga waje.

Yanzu maganar waje, kuma anan nake zargin biyun farko suka mutu. Gida mai intalok da doguwar katanga a watan Afrilu tanda ne. In ma'aunin zafi ya nuna 40 ko 41 a gari, jikin katangar da ke kallon yamma da ƙasan intalok sun wuce haka nesa ba kusa ba, ki taka da ƙafa ba takalmi da ƙarfe uku ki ji, kuma zafin baya sauka da magariba, siminti yana riƙe shi har tsakar dare yana turara wa shukar. Ni kaina a farkon aikina na taɓa jera gindi goma sha biyu a jikin irin wannan katangar a wani gida saboda nan mai gidan yake so a gani daga falo, ban musa ba, kafin ruwan farko ya sauka tara sun ƙone, har yau abin yana min ciwo dan lafiyayyun shuka ne. Tun daga nan ban ƙara yarda ba. Abinda yasmin take so shine ranar safe, daga fitowarta zuwa wajen sha biyu ko ɗaya, awa biyar zuwa shida, daga nan inuwa ta rufe ta. Ki tsaya a tsakar gidanki ki ga wajen da hantsi yake fara bugawa kuma inuwar gini take saukowa bayan azahar, nan ne wajenta. In kuma wajen yana da kariya daga arewa maso gabas inda iskar hunturu take shigowa toh kin dace. Amma fa kar tsoron rana yasa ki tura ta can ƙarƙashin baranda ko gindin mangwaro, a inuwa zata rayu, ganye zai yi kore har ya fi kyau ma, rassa su yi tsawo siri-siri suna neman haske, fure dai babu. Ina jin ta ukun nan taki a irin wannan wajen take, ki duba.

In a ƙasa zaki saka, a cire intalok a yi rami taku biyu faɗi taku biyu zurfi, kamar santimita 60 kenan kowane ɓangare. Ki tsaya a kan masu haƙan da kanki, dan ƙasan tsakar gidajenmu yawanci ciko ne, guntun bulo da busasshen siminti da fulasta duk nan magina suke binnewa, kuma siminti yana sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa, saiwar ta kasa jan sinadarin ƙarfe, sai kiga sabon ganye yana fitowa rawaya jijiyoyinsa kawai ne kore. A kwashe wannan tarkacen gaba ɗaya a zubar. Sannan ki cika ramin da ruwa ki tafi harkarki, in kin dawo bayan awa uku huɗu ya tsotse toh lafiya, in ya kwana yana nan ƙasan laka ce ko an daɓe ta, sai a ƙara zurfi a fasa ko a ɗaga wajen sama da layin bulo ɗaya ko biyu. Haɗin ƙasar kuma ba wani abin wahala bane, kwanon sarki biyu na ƙasar lambu mai kyau, ɗaya na takin shanu ko na awaki da ya ruɓe sosai, in ƙasar mai danƙo ce a ƙara ɗaya na yashin rafi, in kuma irin jigawar nan ce mai rairayi da ruwa yake wucewa fuu toh ba sai an sa yashi ba, takin za a ƙara. Ruɓaɓɓen taki shine wanda ya zama baƙi yana marmashewa, baya wari, in kin tura hannu ciki ba zafi. Ɗanyen kashin kaji ki nisance shi, yana ƙona saiwa cikin kwana biyu, ɗanyen na shanu kuma gara yake gayyatowa. Ƙasar bola da ake kawowa a baro ma a tankaɗe ta, akwai batir da kwalba da leda a ciki.

In kuma a tukunya ne, tukunyar ƙasa ta fi komai a garin nan saboda tana numfashi tana sanyaya saiwa, yadda randa take sanyaya ruwa. In babu, bokitin fenti mai lita 20 ya isa, a huda ƙasansa wajen biyar ko shida da ƙusa mai zafi. Baƙar roba a rana dafa saiwa take yi, kuma da yawa mutane yadda suka sayo ta a baƙar ledar nan haka suke ajiye ta a kan intalok wata da watanni, wannan kisa ne a hankali. Ki ɗora tukunyar a kan katako ko bulo biyu iska ta dinga bi ta ƙasa, ruwa kuma ya samu hanyar fita.

Ruwa. Anan ne ƙauna take kashe shuka. Kin ga ganye ya lanƙwasa sai ki ce ƙishi ne ki ƙara, gobe ma ki ƙara, yarinyar gida ita ma ta zuba nata, maigadi ma ya zuba, alhali saiwar ce ta fara ruɓewa bata iya sha, kuma alamar ƙishi da alamar ruɓewa iri ɗaya ce a ido, duka yaushi ne. Yatsa ne zai raba gardama, ki tura shi cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in da danshi ki bari, in ya bushe ki zuba sosai har sai ya fito ta ƙasan tukunya, ba yayyafi ba. Mutum ɗaya ki ɗora wa aikin. A bazara, Maris zuwa Mayu, kullum da sassafe ne, ta tukunya wani lokacin har da yamma. A hunturu kwana biyu ko uku ya isa saboda in dare yana sauka ƙasa da 15 shukar bacci take, bata sha da yawa, sai dai a lokacin ganyen yana son wanka, ki dinga watsa masa ruwa sama da ƙasa sau biyu a sati ki wanke ƙurar. Da damina kuwa sai dai in an yi fashin ruwa na kwanaki, kuma a Agusta ki kula sosai, in akwai faranti a ƙasan tukunya ki cire, in indararo yana zuba a kanta ki matsar. Yasmin da yawa a Kano ba Afrilu ne yake kashe su ba, Agusta ne.

Ruwan bohol ɗinku ki lura da shi, in yana barin farin abu a bakin tukunya ko a saman ƙasa toh akwai gishiri-gishiri a ciki, sai ki dinga yi mata ambaliya sau ɗaya a wata, ki zuba ruwa mai yawa ya wanke ya fice ta ƙasa, da damina kuma ki tari na sama ko jarka biyu ce. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai omo kar ya je wajenta. Ruwan alwala kuwa lafiya lau, ni gidaje da yawa kusa da wajen alwala nake saka ta in wajen yana samun ranar safe kuma ruwan baya kwanciya, sai ta samu danshin iskar nan da take nema, mutum kuma ya fito sallar asuba ya tarar da ƙamshi.

Toh sai babbar maganar, me yasa taki bata fure. Abu ɗaya zaki riƙe: sambac a kan sabon reshe take yin fure, a ƙarshen tohon da ya fito kwanan nan, tsohon reshe da ya yi itace ya gama nasa. Duk wanda yake jin tausayin yi mata aski zai zauna da dogayen rassa uku huɗu suna reto, fure ɗaya a can ƙarshe in an yi sa'a. Duk reshen da kika datsa kuwa biyu ne zasu fito a ƙasan wajen, kowanne da nasa furen. Abu na biyu taki ne, in ana zuba mata yuriya, farin takin nan na masara, toh an ce mata ta yi ganye ne, kuma zata yi shi kamar alayyahu ta manta da fure. Masu kula da ciyawar gida sun saba watsa yuriya ko'ina dan waje yayi kore mai gida ya ji daɗi, ki tambayi mai yi miki. Na uku inuwar da na faɗa.

Ga yadda nake yi, kuma yanzu da muke cikin Janairu lokacin ya kusa. Ki bari sanyi ya fara sakin jiki, wajen farko zuwa tsakiyar Fabrairu. Ki rage mata ruwa na sati ɗaya zuwa kwana goma, ba wai ta bushe ƙurmus ba, ta dai ɗan ji ƙishi ganye ya fara laushi wasu su zube, manoman Indiya ma haka suke yi kafin aski. Sai ki samu almakashi mai kaifi ki goge shi da sifirit, ki fara cire busassun rassa da waɗanda suka shiga ciki suna gugar juna, sauran kuma ki rage kashi ɗaya cikin uku, in ta yi tsawo da yawa har rabi, kina yankawa dab da saman inda ganye biyu suka fito. Zata yi muni na ɗan lokaci, ki daure. Ki ɗan sassauta ƙasar saman da hannu ko ƙaramar fartanya ba tare da kin taɓa saiwa ba, ki zuba ruɓaɓɓen taki kamar kwano ɗaya, ki bata ruwa ta ƙoshi. Cikin sati biyu zuwa uku zaki ga toho ta ko'ina, bayan wata ɗaya da rabi ko makamancin haka ƙullin fure ya fara bayyana a bakinsu, daidai lokacin da zafi ya shigo, kuma zafin nan da kike tsoro shine yake buɗe su. Daga nan fure zuwa yake kashi-kashi har Oktoba, duk kashin da ya gama ki tsinke kan reshen kamar tsawon ɗan yatsa, wani ya sake fitowa. In ta shiga Nuwamba ki ƙyale ta ta huta, ba aski ba taki.

Takin zamani in zaki saka, NPK 15-15-15 ya wadatar, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga tukunya, babban cokali ɗaya ko biyu ga wadda ke ƙasa ta girma, sau ɗaya a wata daga Maris zuwa Satumba. A gefe ake zagayawa da shi nesa da kara, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a bi da ruwa. Toka kar ki zuba da yawa duk da ana cewa tana korar kwari, ƙara wa ƙasar kanwa take.

Kwari kuwa huɗu ne suke damunmu. Akwai farin nan mai kama da auduga da yake maƙalewa a hammatar ganye, duk inda kika ga tururuwa tana hawa da sauka a jikin shukar ki duba zaki same shi, ita take kiwonsa saboda zaƙin da yake fitarwa. Akwai ƙananan fararen ƙudaje da suke tashi buu in an girgiza reshe. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsi kamar gizo-gizo da basa ganuwa sosai, a hunturu suke yawa saboda suna son ƙura da bushewa, ganye sai yayi ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa toka, ƙasansa da 'yar yana, wankan nan da na ce shine rabin maganinsu. Sai tsutsar da take shiga cikin ƙullin fure, kiga ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa ya faɗo bai buɗe ba, wannan ki tsince duk wanda ya kamu ki ƙona kar ki bari a gindin. Maganin da na fi yarda da shi yana bakin titinku, 'ya'yan darbejiya. A samu busassu a ɓare a daka, kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu kaɗan a ciki dan ya kama ganye, a fesa da yamma bayan la'asar sakaliya, musamman ƙasan ganye, a maimaita bayan sati har sau uku. Da rana tsaka kar a fesa, ganye zai ƙone. Ni bana son a je Sabon Gari a sayo maganin feshin wake a fesa wa abinda yake bakin ƙofar ɗaki, yara suna tsinka suna shinshinawa, wata ma ta jefa a shayi. In gara ce ta dame ki, ki duba ko busasshiyar ciyawar da aka rufe gindin da ita tana taɓa karan, a bar tazarar tafin hannu. Rufe gindin dai yana da amfani sosai a bazara, ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa da ya kwana biyu, yana hana ƙasa saurin bushewa.

Game da mai tsayawa ko mai yaɗo, gaskiya ita sambac tsaka-tsaki ce, in kina mata aski zata zauna dunƙule kamar mita ɗaya, in kin bata abin jingina zata hau mita biyu zuwa uku. Ga bakin ƙofa ko ƙasan taga ita ce daidai. In rumfa kike so ko ki rufe katanga toh grandiflorum, amma ki sani bata da hannun kamawa irin na kabewa ko soso, bata kuma manne wa bango, sai an ɗaura ta, wanda hakan ma alheri ne dan ba zata ɓata miki fenti ko ta fasa fulasta ba. Mai walda zai haɗa miki raga da rodi ko siririn bututu, a Ƙofar Ruwa za a samu kayan, amma a shafa masa farin fenti saboda baƙin ƙarfe a rana yana ƙona ɗanyen reshe, kuma a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da bango iska ta wuce. Da tsumma ko igiyar rama ake ɗaurewa, sako-sako, ba waya ba. Wata dabara da mutane basu cika sani ba, kar ki bar rassan su miƙe sama tsaye kawai, in kika yi haka duk furen can saman katanga zai tafi maƙota su sha ƙamshi ƙasa ya zama sanda, ki kwantar da manyan rassan a gicciye dama da hagu kina ɗaurewa, daga kowace gaɓa sai sabon toho ya taso, bangon ya cika tun daga ƙasa. Maganar da ake cewa furen ƙamshi yana kawo maciji kuma, ba ƙamshi yake bi ba, duhuwa da sanyi da ɓera da kwaɗi yake bi, ki dinga share gindin ki ɗage rassan ƙasa yadda zaki iya ganin ƙasa.

In zaki sake saya ki bari sai ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, lokacin iska da danshi shukar bata shan wahalar kamawa. Ki je wajen masu fulawa na bakin titi irin na Nasarawa da yamma, ki sayi wadda take da fure a jikinta ki shinshina da hancinki, kar ki yarda da "zata yi". Ki ɗan ja karan a hankali, in ya taho sako-sako toh jiya aka soka reshe a leda, bata da saiwa. In kin kawo gida ki ajiye ta a inuwa mai haske sati ɗaya ta saba, ki dasa da yamma, ki yanka ledar da reza kar ki fasa ƙasar da ke jikin saiwar, zurfinta kuma daidai yadda take a ledar, kar a binne wuyanta.

Amma wadda ta fi duka ita ce ki samu gidan da kika ga tasu tana fure ki roƙi iri, dan kin ga uwar da idonki kuma ta riga ta saba da garin. Sambac bata cika yin 'ya'ya ba, da reshe ake yaɗa ta. Hanya mafi tabbas ita ce kwantarwa, a samu dogon reshe na ƙasa a lanƙwaso shi, a ɗan kankare bayansa a wajen gaɓa, a binne wajen a cikin tukunya ko ƙasa a danne da dutse, kansa yana waje, yana nan manne da uwarsa tana shayar da shi, bayan wata ɗaya da rabi zuwa biyu ya yi saiwa sai a yanke a ɗauka. Ko kuma a yanko reshe mai kaurin fensir ko ƙasa da haka, wanda ba ɗanye shataf ba kuma bai tsufa ba, mai gaɓa uku ko huɗu, a cire ganyen ƙasa a bar biyu a sama, a soka a yashi mai ɗan taki, a kifa masa gorar ruwa da aka yanke gindinta, a ajiye a inuwa. Ki soka goma, ko rabi suka kama kin samu na rabawa.

Furen kansa da yamma yake buɗewa, kwana ɗaya yake yi, washegari ya fara komawa ruwan hoda ya faɗi, wannan ba cuta bace halinsa ne. In a ɗaki kike son ƙamshin ki tsinki ƙullin da suka kumbura suka yi fari tas kafin magariba, ki zuba a ƙaramin kwano da ɗan ruwa, zasu buɗe a ciki. Masu son haɗa shi a humra ko man shafawa su sani in an shanya shi ƙamshin guduwa yake, ɗanye ake jiƙawa a mai mara wari, a tsame washegari a zuba sabo, a yi ta maimaitawa.

Yau dai in kin samu sarari ki je ki tsinki ganyen nan ki ga ko madara zata fito, sannan gobe ki lura ƙarfe nawa rana take sauka a kanta ƙarfe nawa take barinta. In da hali ki turo min hoton ganyen kusa-kusa da hoton wajen da take zaune, kafin Fabrairu ta shigo sai na nuna miki daidai inda zaki sa almakashi. Allah ya sa albarka, a gaida mutan gida.